Bayit Shida a Cikin Ƙarfe

Kusan shekara ashirin na yi a masaƙa a Kakuri ina duba yadi. Aikin tsayuwa ne. Bandir yana wucewa ta gabanka a kan tebur mai fitila, kai kuma kana neman aibi: zaren da ya tsinke, launin da ya zuba, gefen da ya karkace. In ka gani ka sa alli, ka rubuta lamba, ka bari ya wuce. Da aka rufe masaƙar na yi gadi, na yi tsaron shago, daga baya na shiga ajin kwamfuta na yamma a Barnawa. Ni ne babba a ajin, malamin ma sa'an ɗana ne. Karatuna na boko a sakandare ya tsaya, amma ina da haƙurin bin abu daki-daki, kuma na lura kwamfuta tana son mai irin wannan hali.

Shugabana a sashen duba yadi mutumin Filato ne, ya daɗe da rasuwa. 'Yarsa ta karanta injiniyanci, ta buɗe ƙaramin kamfani a Kudenda, a wani tsohon sito bayan masana'antu. Ita ta aiko aka kira ni. Kowa Madam yake ce mata, ni ma haka, ko da yake na san ta tun tana kawo wa mahaifinta abinci a kula. Ita kuma Baba take ce min.

Abin da suke yi shi ne ƙananan na'urori da ake ɗaura wa injin liƙe leda, su riƙa buga rubutu a jikin ledar: sunan kaya, lambar rukuni, da rana. A cikin kowace na'ura akwai manhajar da ke karanta gajerun umarnin da mutum ya rubuta, ta aiwatar da su layi bayan layi. Suna da sunan da suke kiranta da Turanci. Ni tafinta nake ce mata, don aikinta ke nan, mutum ya faɗa, ita ta gaya wa inji. Sun ɗauko ta daga wata babbar manhaja ta kyauta, suka rage mata kaya don ta shiga na'urar. Wanda ya yi ragin shi ake kira Injiniya, mutumin Kudancin Kaduna, gwani ne, kuma bakinsa ba ya hutawa.

Ranar da na fara zuwa, Madam ta ce, "Baba, ina neman wanda zai riƙa gwada manhajar nan tamu kafin mu sa ta a inji. Mahaifina ya ce ba a taɓa maido da yadin da ka sa wa hannu ba. Za mu gwada wata uku. In ya yi, ka zauna. In bai yi ba, ba za mu yi faɗa ba."

Injiniya ya leƙo daga bayan allonsa ya ce, "Madam, a sayo wa Baba alli ko ya zo da nasa?"

Na ce masa na zo da biro ja. Ya yi dariya, ni ban yi ba. Ina neman aikin nan ƙwarai. A shekaruna ba a cika kiran mutum a ce zo ka koyi sabon abu ba, kuma na san in wannan ta wuce, sai dai in koma gadi.

Wata biyu na farko sun tafi lafiya. Gwaji ba shi da wuyar fahimta. Ka rubuta ɗan umarni, ka rubuta amsar da ya kamata ta fito, ka ba tafinta, ka kwatanta. In sun yi daidai, allo ya nuna kore. In sun saɓa, ya nuna ja. Na gwada lissafi, na gwada kwanan wata. Kowane gwaji na ba shi lamba, na kuma rubuta shi a littafi mai kauri kafin in buga shi a kwamfuta. Injiniya ya ce wannan aiki biyu ne. Na ce na ji.

A wata na uku aka ba ni jerin bayit. Injiniya ya ja kujera ya zauna kusa da ni ya yi bayani. Ya ce inji bai san harafi ba, lamba ya sani. Bayit ɗan ƙaramin gurbi ne mai ɗaukar lamba guda. In aka jera su, kamar duwatsun carbi, sai su zama saƙon da ake tura wa ɓangaren da ke buga rubutu. Ya ce, "Doka ɗaya ce, Baba. Da zarar an gina jerin, ba a canza shi. Ba a cire, ba a ƙara, ba a sauya ko ƙwaya ɗaya. Wurare da yawa a cikin na'ura suna riƙe da jeri ɗaya a lokaci guda. In wani ya taɓa shi, sauran sun shiga uku ba su sani ba. Ka tabbatar min tafinta tana bin dokar."

Dokar ta yi min daɗi. Ina son abin da aka ce ba ya canzawa.

Na fara. Gwaji na ɗaya, na umarci tafinta ta sauya bayit na farko, ta ƙi, ta ba da saƙon kuskure. Haka ake so. Na biyu, ta sauya na ƙarshe, ta ƙi. Na uku, ta goge na tsakiya, ta ƙi. Haka har na shida. A na bakwai na gina jeri na sa masa suna, sannan na ce a ƙara masa bayit biyu a wutsiya. Tafinta ba ta yi gardama ba. Na kira sunan, sai ga jeri ya fito da ƙarin bayit biyun.

Na maimaita sau uku, amsa ɗaya. Na rubuta rahoto shafi biyu, na buga shi a takarda, na ja layi da jan biro a ƙarƙashin kalmar aibi. Ban nuna wa kowa ba sai ranar Litinin a taron safe, inda masu haɗa waya da masu zuwa gyara duk suke tsaye. Na so a gani. Wannan laifina ne, kuma na san shi.

Injiniya ya karanta shafin farko, ya ɗora takardar a ka, ya ce, "Wayyo Baba! Ka kama ɓarawo, ashe mai gida ne."

Aka yi dariya. Madam ta karɓi takardar ta duba, ta ce kowa ya tafi aikinsa. Da muka rage mu uku ta ce, "Baba, a masaƙa ana ɗaura wa bandir takarda mai suna, ko?"

Na ce ana yi.

"In na kwance takardar na ɗaura wa wani bandir da ya fi shi tsawo, na farkon ya ƙaru?"

Na ce bai ƙaru ba.

"To abin da tafinta ta yi ke nan. Ba ta taɓa tsohon jerin ba. Sabo ta gina mai ƙarin bayit biyu, ta ɗauke sunan ta ɗaura masa. Suna yana tashi. Abin da aka ɗaura wa sunan ne ba ya canzawa."

Na gane nan take, kuma ganewar ta fi dariyar zafi. Na ɗauki suna a matsayin abu. Na karɓi takardata na ninke na sa a aljihu.

Da la'asar, ina wanke hannu a famfon bayan ofis, na ji muryar Injiniya ta taga. Ba da mugunta yake magana ba. Cewa yake, "Mutumin kirki ne, Madam, ba ya latti, ba ya ƙarya. Amma in zan riƙa barin aikina ina duba rahoton da ba aibi a ciki, gara in yi gwajin da kaina." Madam ta ce ranar Juma'a wata uku ke cika, a bari sai Juma'a.

Na hau keke zuwa Makera. A gida matata ta ga fuskata ta tambaya, na gaya mata. Ta ce, "To yanzu ka gane ko ba ka gane ba?" Na ce na gane. Ta ce, "Sai ka koma ka yi shi daidai. Sauran kwana huɗu ai kwana ne."

Ranar Talata na buɗe sabon shafi. Tunda suna yana tashi, hanyar gane ko abu ya canza ita ce a ɗaura masa suna biyu. Na gina jeri na kira shi tulu. Na sake ɗaura masa suna na biyu, randa. Na ce a ƙara wa tulu bayit biyu. Bisa doka, tulu zai koma kan sabon jeri, randa kuma ta tsaya kan tsohon yadda yake. Na duba randa, ba ta motsa ba. Kore. Na yi wannan da ƙari, da yanka, da musanya, da maimaitawa. Duk kore. Talata ta ƙare a haka.

Ranar Laraba na tuna akwai hanya biyu ta gina jeri. Ta farko, ka rubuta bayit ɗin kai tsaye. Ta biyu, ka rubuta kalma irin ta mutane, ka ce wa tafinta ta mai da ita bayit. Jiya ta farko na bi. Tsari ya ce duk abin da na yi wa ta farko in yi wa ta biyu, ko da ina ganin amsa ɗaya za ta fito. Injiniya yana da nasa tsofaffin gwaje-gwajen na hanya ta biyu, duk da kalmomin Turanci, duk kore. Ni ban ga dalilin aron kalma ba. Na duba teburina, ƙafarsa ta ƙarfe ce, na rubuta ƙarfe.

Ni ba na rubuta Hausa ba ƙugiya. Na san a waya kowa ya yar da ita, ana rubuta kasa ana nufin ƙasa, a bar mai karatu ya yi ta canka. Tun makon farko na sa aka daidaita min kwamfutata yadda zan iya buga ƙ da ɗ da ɓ. Saboda haka ƙarfe na rubuta, da ƙugiyarsa.

Abu na farko da ya tsayar da ni shi ne tsawo. Harafi biyar ne a kalmar, tafinta ta ce bayit shida. Na ce a raina ga wani abin kunyar kuma. Ban tambayi kowa ba. Na buɗe littafin bayanin da ke kan kanta na karanta a hankali, na samu cewa haruffan Turanci bayit ɗaya-ɗaya suke ci, harafi irin namu mai ƙugiya kuma biyu yake ci. To shida daidai ne. Na rubuta wannan a gefen shafi na ci gaba.

Na ɗaura suna biyu, tulu da randa. Na ƙara wa tulu bayit biyu. Na duba randa. Bayit takwas.

Allo ya yi ja. Na zauna ina kallonsa. Randa ban taɓa ta ba, bai kamata ta san an yi wani abu ba. Na kashe kwamfutar na kunna, na sake. Takwas. Na cire ƙugiyar na rubuta karfe, randa ta tsaya a biyar, kore. Na maido ƙugiyar, ja.

Na tafi sallar azahar na dawo, ban ci abinci ba. Na ja layi a tsakiyar shafi, hagu kalma mai ƙugiya, dama marar ƙugiya. Ɗinki ja, dinki kore. Ɓawo ja, bawo kore. Baƙi ja, baki kore, wato ba sai ƙugiyar tana farkon kalma ba. Na gwada 'ya'ya, da yake da waƙafin sama ake rubuta ta, ta fito kore. Kafin a tashi na cika shafi biyu, ba kalma ɗaya da ta saɓa.

Duk da haka ban kai rahoto ba. Wancan karon ma na maimaita sau uku, amsa ɗaya na samu, kuma ni ne ban gane ba. Na yi lissafi a raina. In na yi shiru, ina da gwaji kore fiye da talatin da zan nuna ranar Juma'a, wataƙila Madam ta duba mahaifinta ta bar ni. In na yi magana ya zama wani rashin fahimtar ne, ba wanda zai riƙe mutumin da ya yi ihun banza sau biyu a mako ɗaya. Na kwana da wannan. Da safe na ga ba zan iya miƙa littafi in ce na gama ba alhali na san akwai shafi biyu ja a ciki. Ban taɓa sa hannu a kan yadin da na ga aibinsa ba.

Ranar Alhamis na jira masu gyara suka fita, na je teburin Injiniya. Ban buga takarda ba, ban ja jan layi ba. Na ce, "Injiniya, ina da tambaya. Mai yiwuwa ni ne ban gane ba."

Ya karɓi littafin ya duba. "Tulu da randa? Baba, ruwa za mu fara sayarwa?"

Na ce, "Rabin masu sayen injinku ruwan leda suke sayarwa. Duba randar."

Ya juya ga allonsa, yatsunsa suka yi ta gudu. Ya buga kalmar, ya ƙara, ya duba. Kore. Ya buɗe hannu. "Ka gani? Lafiyarta lau. Baba, don Allah..."

Na sunkuya na duba abin da ya rubuta. Na ce, "Karfe ka rubuta. Sa ƙugiya."

"Wace ƙugiya kuma? Ai duk ɗaya ne."

"Baƙi da baki ɗaya ne?"

Ya nemi harafin a kwamfutarsa, babu. Ya danna nan, ya danna can, ya yi tsaki. A ƙarshe ya tashi ya zo teburina ya zauna a kujerata, na nuna masa maɓallin. Ya buga. Allo ya yi ja. Ya sake da ɗinki. Ja.

Ya tashi daga kujerata. Ya koma teburinsa ya buɗe cikin tafintar, ya yi ta gangarawa yana magana shi kaɗai. Ni na tsaya a bayansa, ban san ko in zauna ba. Bayan kamar rabin awa ya dafe kai ya ƙwala kira, "Madam! Zo ki ga abin da na yi."

Ta zo. Ya nuna mata wuri, ya yi bayani yadda ni ma zan ji. In kalma duk haruffan Turanci ce, tafinta tana kwafe ta kai tsaye ta kulle. In akwai harafi mai cin bayit biyu, sai ta bi wata hanya, ta buɗe wurin aiki ta riƙa zuba bayit ɗaya bayan ɗaya, in ta gama ta kulle. Lokacin da yake rage wa manhajar kaya, ya yanke layin da ke kullewar. Jerin yana fita a buɗe. Mai ƙari ya zo ya tarar da shi a buɗe, sai ya zuba a ciki maimakon ya gina sabo.

Ya ce, "Amma dai ba a taɓa jin ta ba. Duk injinanmu Turanci suke bugawa."

Madam ta ce, "Zuwa yau. Ka manta Alhajin Kakau mai garin masara? Da Hausa ya ce yana son ledarsa. Me za mu rubuta a gaban kwanan wata?"

Injiniya ya ce, "Ranar ƙarewa." Sai ya tsaya. Ya sake faɗa a hankali, yana danna ƙ ɗin.

Ta ce, "Leda ta farko za ta fito daidai. Ta biyu da rana biyu. Ta goma fa?"

"Ta goma sai an ƙara wa ledar tsawo." Ya juyo ya dube ni. "Baba, ka yafe min maganar alli."

Na ce ai ni ma na yi tawa ranar Litinin. Ya maido layin, layi ɗaya tak. Na ce kada ya tashi, mu bi gwajin daga na ɗaya har na ƙarshe, ba tsallake. Ya ce ai wurin da ya gyara kawai za a duba. Na ce daga na ɗaya. Ya dubi Madam, ta ɗaga kafaɗa. Muka bi su duka, shi yana dannawa ni ina sa alama a littafi. Duk suka fito kore.

Ranar Juma'a na zo da wuri, na jera littattafaina uku a kan tebur. Madam ta shigo ta gaishe ni, ta ce ranar Litinin in fara gwada yadda tafinta ke karanta ma'auni daga sikeli, ta wuce ofishinta. Na jira har ƙarfe sha ɗaya ba ta ce komai ba. Na tashi na ƙwanƙwasa.

"Madam, yau wata uku."

"Baba, ban ba ka aikin Litinin ba?"

"Kin ba ni. Amma ba ki faɗa ba."

Ta ajiye biro ta yi dariya har da riƙe ciki. "Kai da mahaifina ba ku da bambanci. To na faɗa. Ka zauna."

Na ce na gode, na ja mata ƙofa.

Da na fito Injiniya yana jirana da farar takarda. Ya ce tunda Hausa ta yi masa haka, bai san abin da sauran harsuna ke ɓoye masa ba. Shi zai rubuto kalmomin garinsu masu layi a ƙarƙashin harafi, in ya tuna yadda ake rubuta su, in bai tuna ba zai kira mahaifiyarsa. Madam za ta kawo na Filato. Ni kuma in je wurin mai gadi, mutumin Binuwai, in roƙe shi kalma goma.

Na same shi a inuwar ƙofa yana sauraron rediyo. Na yi masa bayani, ya ce shekara nawa yana wannan ƙofa ba wanda ya taɓa tambayarsa yarensu. Ya goge hannu a wando, ya karɓi biron, ya rubuta ta farko a hankali, ya ɗora wa wani harafi 'yar hula a ka. Na tambaye shi ko hular dole ce. Ya ce in aka cire ta wata magana ce daban. Na ce to ya sa ta ta fito sosai, ya kuma ba kowace kalma lamba a gefe.